Sungumin da Aka Sauke a Kwanakin Dabaran

Ku da kuke zama a kan benci kuna latsa waya, kun ce aikina ba aiki ba ne. Wai kallon sama ne, kuma ko jaki ya ɗaga kai zai ga taurari. To, na ji. Ni dai ƙarfina duka a kan lissafin taurarin noma ya ƙare, tun daga Zurmi inda aka haife ni har bakin hanyar Shinkafi a nan Ƙaura inda na kafa gida, kuma ban taɓa ganin jakin da magidanci ya durƙusa a gabansa yana tambaya ko ya buɗe irin shukarsa ba. Ku ajiye wayoyin ku ji yadda ake yin aikin, da yadda aka kashe shi a hannuna, da abin da ya mutu tare da shi, wato geron wani mutumin Katuru da ake kira Ɗan'ige.

Aikin farko da Kawu Labbo, ƙanen mahaifiyata, ya ba ni shi ne in nuna masa Dabaran. Mun idar da sallar magariba, ya ja ni kan tudun da ke bayan garin Zurmi, ya ce in nuna. Na duba na ga wani jan tauraro ƙato, na miƙa yatsa da ƙarfin gwiwa. Sai jin tafi na yi a ƙeya.

"Wanga da kan nuna ba ya ƙibta ido, kuma bara ba nan shike ba," in ji shi. "Mirriku na, ɗan yawo, ba shi da gida. Kai da ba ka rarrabe baƙo da ɗan gari, kai za a ba amanar irin mutane?"

Daga nan ya koya mini hanya. Ka fara neman Surayya, wannan cincirindon ƙananan taurari da mata ke kira kaza da 'ya'yanta. Ka bi bayanta ta gabas, za ka ga wasu ƙanana sun jeru kamar bakin almakashi a buɗe, a kan tsini ɗaya kuma akwai babba guda. Shi ne Dabaran. Launinsa ne shaidarsa. Ba fari ba ne, ba kuma ja wur ba, ruwan goro ne, irin wanda tsoho ke tofarwa a kan farin yashi. Kawu ya ce ƙananan nan awakinsa ne, yana kora su a bayan Surayya. Na daɗe ina riƙe wa Kawu buta da buzu kafin ya yarda in buɗe baki a gaban manomi.

Shekara a wurinmu rabe take tsakanin taurari, kowanne da 'yan kwanakinsa, wasu na bazara, wasu na damina, wasu na kaka, wasu na ɗari. Dabaran ne ke rufe bazara, tauraruwar da ake kira Haƙa'a ta buɗe damina. Ga inda mai cewa kallon sama ne zai sha kunya: a kwanakin tauraro ba a ganin tauraron, domin yana tafe tare da rana, haskenta ya haɗiye shi. Don haka tun da wuri kake bin sa kowace magariba, kana ganin yana sauka yamma kaɗan-kaɗan, kana auna shi da kan wata bishiya da ka sani, har ranar da za ka nema ka rasa. Daga nan ido ya gama nasa, sai lissafi. Kayan aikina ƙoƙo biyu ne da ƙwallayen dabino, kowace asuba in ɗauke ɗaya daga wannan in jefa a wancan. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ka manta, ka ɓatar da gari guda.

Kuma ƙwallon dabino kaɗai ba ya isa. Sai ka san daga ina iska ke tasowa da hantsi, ko gawo ya fara zubar da ganye, ko tururuwa ta fara kwashe ƙwanta zuwa tudu. In an yi ruwa, ka je gona ka tura hannu cikin ƙasa ka ji inda danshi ya tsaya. Duk wahalar nan don tambaya ɗaya ake shan ta: ruwan da ya sauka na shuka ne ko na yaudara? Ruwan Dabaran shi ne mai yaudarar. Yakan zo da tsawa da iska, ya cika kwari, hankalin manomi ya tashi, sannan sama ta bushe ƙamas. Iri ya tsiro, rana ta ƙone shi, kuma irin da ya tsiro ya mutu ya tafi ke nan. Ban taɓa cewa na san gaibu ba. Akwai shekarar da ruwan Dabaran ke ɗorewa, wanda ya yi kasada ya riga kowa cin tumu. Abin da nake gaya wa mutane bai wuce wannan ba: mai irin shuka biyu ya gwada in yana so, mai irin shuka ɗaya ya jira Haƙa'a ta zauna.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Bafillace ya zo ya ji ko ya aika a juyo da shanu daga kudu. Ɗan kasuwa ya zo da goro da murmushi don ya san ranar da zai ƙara wa iri kuɗi, shi ne wanda na fi tsana, kuma shi ne ya fi kowa yawan gaisuwa. Amma talakan ƙauye ba ya iya barin gida kullum ya zo tambaya, don haka na riƙe wata al'ada ta Kawu. Kun san sungumi, doguwar fartanyar nan da ake sara ramin shuka da ita a tsaye. Da bazara ta kama sai in rataye nawa a reshen durumin ƙofar gidana, reshen da ke kallon titi. Muddin yana rataye, a jira. Ranar da na sauke shi, a shuka. Direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Ƙaura da Shinkafi sukan rage gudu su leƙa, su kai labari tare da fasinja. Kafin rana ta faɗi an ji a Sakajiki, an ji a Katuru, cewa Malam ya sauke.

Ɗan'ige bai taɓa jefa ƙwaya a rami ba sai ya ji wannan magana. Yana da dalili. Geronsa ba irin na kowa ba ne, gadon kakansa ne. Zangarniyarsa doguwa ce mai gashi tsini-tsini, tsuntsu ba ya iya zama a kanta ya ci, furarsa kuwa takan kwana ba ta yi tsami ba. Mutane sukan zo roƙon tafi guda, ya ba su, amma in sun shuka kusa da wani gero sai ya gauraye, bayan 'yan damuna gashin ya ɓace. Nasa kaɗai ya tsaya da asalinsa, saboda gonarsa a keɓe take a bayan fadama, kuma da hannunsa yake zaɓen zangarniyar iri ɗaya bayan ɗaya. Mutum ne mai rowar magana, mai kyautar hatsi. Ina ƙaunarsa, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

Bayan an yanke mana jiharmu daga Sakkwato, an turo sababbin malamai makarantun Ƙaura. Cikinsu akwai wani Malam Haliru, mai koyar da kimiyya a sakandare. Wata la'asar ya tsayar da babur a ƙarƙashin durumina, ya cire takalmi, ya gaishe ni kamar ɗan gida. Ya ce ɗalibansa sun san sunayen taurari da Turanci amma ba su san ko ɗaya da bakin iyayensu ba, yana so in koya masa. Na koya masa. Shi kuma ya ce zai rama da abin da yake da shi, wani tsohon madubin hangen nesa mai ƙafa uku da ya tarar a ɗakin ajiyar makarantar.

Ranar da ya kafa mini shi a filin ƙwallo, bayan magariba, lokacin sanyi, na zaci zan ga Dabaran kamar faifai. Na kanne ido ɗaya na leƙa. Ɗigo ne dai kamar kullum, sai dai launin ya fito tas, ya fi wanda na saba gani tsabta. Na ce masa an cuci makarantar a cinikin madubin nan.

Ya yi dariya. "Baba, ba laihin madubi ba na, nisa na. Hasken ga da ka shiga idonka yanzu, ya baro can tun kahin a haihe ka. Ya hi shekara sittin bisa hanya."

Ya ce Dabaran wata rana ce irin tamu, nisa ne ya mayar da shi ɗigo. Ya ce faɗinsa ya ninka na ranarmu sau arba'in da wani abu. Na ce in haka ne, me ya hana shi farin wuta irin nata?

"Ka taɓa tsayawa maƙera, Baba?"

"Tun ba ka san hanyar makaranta ba."

"To in ƙarhe ya kai matuƙa cikin wuta, wane launi shika yi?"

"Hwari."

"In an hidda shi ya hwara hucewa hwa?"

Na ga inda ya dosa. Ƙarfe in ya fara hucewa yakan koma rawaya, ya koma ruwan goro, kafin ya yi ja. Malam Haliru ya ce haka fatar Dabaran take, ba ta kai ta rana zafi ba, shi ya sa launin. Dalili kuwa tsufa ne. Makamashin da ya fara ci a tsakiyarsa ya ƙare. Da ya ƙare sai tsakiyar ta tsuke ta ƙara zafi, jikin waje kuma ya kumbura ya yi ta buɗewa, zafin ya bazu a kan fata mai faɗi, sai ta huce. Ya ce duk girman nan, da za a ɗora shi a sikeli tare da rana, da kaɗan zai rinjaye ta, domin jikinsa na waje bai kai iskar da muke shaƙa kauri ba. Amma saboda yawan fatar, hasken da yake zubarwa ya ninka na rana sau ɗaruruwa. Na tambaye shi awakin fa? Ya ce ba nasa ba ne, sun fi shi nisa ninki biyu, ido ne kawai ya haɗa su a layi ɗaya. Wannan ta yi mini ciwo saboda Kawu, amma na haɗiye.

"Ƙarshenai hwa?" na ce.

"Zai zubar da jikin waje, shi bar 'yar tsakiya hwara tana hucewa. Amma ba zamaninmu ba, Baba, ba na jikokin jikokinmu ba. Miliyoyin shekaru muka magana. Ranarmu ma hanyar da za ta bi ke nan, in Allah ya kai ta."

Na koma gida ina tasbihi a hanya. Tun ina saurayi nake kallon launin nan, ban taɓa tambayar dalilinsa ba, ga shi wani sa'an ɗana ya buɗe mini. Na yi murna irin wadda ban yi ba tun haihuwar ɗana na fari. Ranar kasuwar Shinkafi, a rumfar masu sayar da iri, na ba da labarin duka don a ji girman ikon Allah. Har gobe, in an tambaye ni, zan sake faɗar sa. Gaskiya ce, kuma ba satar ta na yi ba.

Maganar ta yi ta yawo daga baki zuwa baki, tana zubar da rabi tana ɗaukar wani rabin, har shari'a ta zo ta tarar da ita a hanya. Kada wani cikinku ya ce tsoho ya ƙi shari'a. Na yi murna da ita, na ga an rufe gidajen giya, na ga an gyara mudu a kasuwa. Amma a unguwarmu wasu samari suka haɗa kansu suka ce su kwamiti ne, ba wanda ya naɗa su, suka shiga neman abin gyarawa gida-gida. Shugabansu Sanusi, ɗan wani dillalin hatsi ne da ya sha aiko mini da goro. A farkon bazarar shekarar suka kira ni zauren limamin unguwa.

"Baba," in ji Sanusi, "an ce kac ce tauraro ya tsuhwa, ka san lokacin mutuwatai. An ce kac ce rana za ta kumbura. Wa ab ba ka labarin tashin ƙiyama?"

"Sanusi, ban ce na san rana ko wata ba. Halittar Allah ta, tana tsuhwa kamar ni da ubanka."

"Lissahin ga naka duba na. Mai cewa tauraro ka kawo ruwa ya yi shirka."

"Ban ce shi ka kawo ruwa ba. Alama ta, kamar inuwar da ladan ka dubawa shi kira azahar. Shi ma ku hana shi."

Samarin suka yi ca a kaina wai na yi izgili. Malam Haliru ya ji labari ya zo a guje, ya tsaya ya yi bayani tsakani da Allah, suka ce ai shi ne ya zuba wa tsoho boko a kai. Zangon karatu na ƙarewa ya nemi canjin wurin aiki, ban sake ganin sa ba. Liman kuwa dattijo ne mai karatu, ya san bambancin duba da lissafin lokaci sarai, shi kansa yakan aiko a tambaye ni kafin ya taɓa gonarsa. Ran nan carbinsa kawai yake kallo. Da ya ɗago sai ya ce don a zauna lafiya in rantse ba zan ƙara gaya wa kowa lokacin shuka ba. Na rantse. Ihun yaran bai ƙona mini rai kamar sunkuyar da kan Liman ba.

Ba wanda ya ambaci sungumi a zauren, kuma ya riga ya hau reshe tun kafin a kira ni. Na bar shi a inda yake.

Ba a daɗe ba Ɗan'ige ya zo. Ya rame. Damunan da suka wuce ba su yi masa kyau ba, gidansa kuma ya cika da baki, har sai da aka taɓa hatsin da ya ware don iri.

"Malam, tulu guda ar rage, na liƙe bakinai da laka," in ji shi. "Shuka guda ta. In ta tahi, geron kakana ya tahi."

"Ɗan'ige, an sa ni rantsuwa. Ba ni da bakin magana."

Ya ɗaga kai ya dubi durumi, ya ga sungumi na lilo a reshe. Sai ya yi ɗan murmushi. "Bakinka anka ɗaure, Malam, ba icce ba." Ya sha ruwa ya tafi da kwanciyar hankali.

Ana cikin kwanakin Dabaran aka yi mana rasuwa a Zurmi, na tafi ta'aziyya. Ina can aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, har kwari ya kawo. Da gari ya waye na fita bayan gari na tura hannu cikin ƙasa. Danshin bai yi nisa ba, a ƙarƙashinsa ƙasa busasshiya ce mai zafi kamar toka. Iskar hantsi tana nan daga inda take fitowa da rani, gawo kuma shar da ganyensa. Na ce a raina wannan na yaudara ne. Ban damu ba, na ƙara kwana wurin 'yan'uwa, tunda na san abin da na bari a reshe.

Da na sauka daga mota a ƙofar gida, idona ya fara zuwa kan durumi. Reshe wayam. Na shiga ina kiran mai ɗakina, Hajara.

"Su Sanusi sunka zo jiya da sahe," ta ce. "Sunka ce shi ma duba na, sunka sauke sunka tahi da shi. Na yi magana ta bayan ƙyaure, ba wanda ya saurare ni."

"Motoci sun wuce bayan nan?"

"Malam, jiya hwa kasuwar Shinkahi ta ci."

Ku duba wannan aiki. Yaran nan 'ya'yan 'yan kasuwa ne, ba wanda ya taɓa sara rami a cikinsu. A ganinsu sun kashe alama. Ba su san saukewar ita ce alamar ba, kuma ba su tambayi kowa ba, domin mai gyaran duniya ba ya tambaya. Sun zaɓi safiyar da aka kwana ana ruwa, ranar da duk motar da ke ƙasar nan take bin titin, suka yi shelar shuka da sunana.

Ban ko zauna ba na tari motar Shinkafi. Rantsuwa kuwa na karya ta tun kafin in rufe ƙofar mota, na ce kaffara na yi daga baya. Na gaya wa direba, na gaya wa fasinja, duk inda aka tsaya na leƙa ta taga ina cewa ba ni na sauke ba, kada a shuka. Direban ya dafe kai ya ce shi da bakinsa ya kai labarin ƙauye uku. Hagu da dama gonaki cike suke da mutane, magidanta a gaba suna sara, iyalai a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Wasu har suna ɗago mini hannu suna godiya. Daga Shinkafi na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Katuru, ina roƙon Allah ya sa Ɗan'ige ya yi nawa ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Na same shi a ƙarshen gona, a layin ƙarshe, 'ya'yansa na rufe ramukan da suka rage. Da ya hango ni sai ya yar da sungumi ya taho da sauri, fuskarsa cike da fara'a.

"Malam da kanka! Ai saƙo ya iso tun jiya. Dibi, mun gama." Ya ɗauki tulun ya kifa shi ya girgiza don in gani. Ko ƙwaya ba ta faɗo ba.

"Ɗan'ige, ba ni na sauke ba."

Bai gane ba, sai da na maimaita, na gaya masa yadda aka yi. Ya tsaya riƙe da tulun. Ya dubi gonar tun daga bakin fadama har tudu, ya dubi sama, wadda ta yi fes ba ko gizagizai. Bai zagi kowa ba. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi.

"Halan Allah shi ɗora muna da wani ruwan," ya ce.

Na ce amin, kuma ban taɓa faɗin amin da ta fito daga cikina irin wannan ba. Na yi fatan lissafina ya zama ƙarya, a yi mini dariya har in mutu.

Geron ya tsiro layi-layi, kore shar, abin sha'awa. Sai sama ta ɗauke. Kowace la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Ganye ya fara naɗewa da rana yana buɗewa da safe, daga baya ya daina buɗewa. Mai irin shuka biyu ya yi kuka ya jira ya sake. Wanda ba shi da shi ya shiga kasuwa. Laifin kuwa duk aka tattara aka ɗora mini. A Sakajiki aka ce ai Malam da bakinsa ya ce tauraronsa ya tsufa, ga shi lissafin ya ruɓe. A Ƙaura aka ce ga ƙarshen mai duba nan. Waɗanda suka sauke sungumin ba wanda ya kira su zauren kowa. Na tare Sanusi a bakin masallaci na gaya masa abin da hannunsa ya yi. Ya gyara hula ya ce, "Ruwa na Allah na, Baba." Gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa jin gaskiyar da ta yi mini ɗaci kamarta ba. Tun daga shekarar ba wanda ya ƙara rage gudu a ƙofar gidana.

Na koma Katuru da gonar ta gama ƙonewa. A can saman tudu akwai wani gefe da ruwan ya gangare bai jiƙa sosai ba, ramukan wurin ba su tsiro ba. Ɗan'ige ya ce ko akwai ƙwayar da ta tsira a ciki. Muka durƙusa mu biyu, tsofaffi, da rariya, muna tone rami ɗaya bayan ɗaya, muna tankaɗe yashi, muna tsintar gero da farce. Rana ta dake mu har gwiwoyina suka daina jin zafi. Abin da muka tara bai cika tafin hannu ba. Ya ƙulle shi a bakin rawaninsa.

Da damina ta zauna da gaske, ya shuka su a bayan ɗakinsa, ya kewaye da ƙaya, yana kwana yana tashi a wurin. Ko ɗaya ba ta fito ba. Sun sha ɗan danshi, zafin ƙasa ya dafa su tun suna rami. Ya bi gidajen da ya taɓa ba kyautar iri, ƙauye-ƙauye, a ƙafa. Wasu nasu ya gauraye tuntuni, wasu sun shuka a rana ɗaya da shi.

Ganina da shi na ƙarshe a kasuwar Shinkafi ne, a rumfar masu iri. Bai gan ni ba, ni kuma na kasa ƙarasawa. Mutumin da ake zuwa ƙofarsa roƙon tafi guda yana tsaye a layi da ɗan buhunsa. Da aka zo kansa ya ɗebi geron a hannu, ya mutsuka, ya shinshina, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, wanga wane iri na? Daga gonar wa ya hito?"

Mai awon bai ko ɗago ba, yana share bakin tiya da hannu.

"Gero na dai, Baba. Buɗe buhu."

Ɗan'ige ya buɗe.